Ƙofar da Keke Ba Ya Shiga

Kafinta shi ya kafa ƙofar bayan gidansa da hannunsa, kuma shi ya matse ta. Lokacin da ake ginin, ƙanensa Magini ya ce masa, "Yaya, ƙofar nan ta yi ƙunci. A ƙara mata ko da faɗin tafin hannu ne." Ya ce a'a, ai ba ɗakin taro ba ne, mutum ɗaya ke shiga. Magini ya ƙyale shi, don ya san halin yayansa: in ya kafe a kan abu, gara ka je ka yi da bango.

Rufin kwano ne sana'ar Kafinta. A ƙasa mutum ne mai nauyin jiki da ƙarancin magana, amma da ya taka tsani sai ya zama wani daban, har abokan aiki suka laƙaba masa Ƙadangare. Doka ɗaya gare shi a sama, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ta har ta fita masa ta hanci: ba a sakin hannu sai ƙafa ta tabbatar ta zauna. Ka taka, ka danna, ka ji katako ya amsa, sannan ka saki. Da wannan doka ya yi furfura a saman gidajen mutane ko targaɗe bai taɓa yi ba.

Ranar da abin ya faru, tsohon rufi suke sauyawa. Ya taka wani katako mai kyan fenti, ya danna, ya ji kamar ya amsa, ya saki hannu. Ashe gara ta cinye cikinsa, ɓawo ne kawai ya rage. Ya zo ƙasa da gadon baya a kan tarin bulo.

Aka yi masa aiki a asibiti. Likitan da ya yi aikin ya ce lakarsa ba ta tsinke gaba ɗaya ba, ta dai matsu ta ƙuje, kamar igiyar da ta tsintsinke amma da sauran silla a tsakiya. Saƙo na wucewa daga kai zuwa ƙafa, sai dai da ƙyar. Babbar yatsar ƙafarsa ta dama tana motsi. Ta hagu kuwa, in an tsunkule shi, ji yake kamar ta cikin bargo ake taɓa shi. Aka sallame shi a keken guragu.

A nan ƙofa ta tashi ɗaukar fansa. Keke ya shiga falo, ya shiga ɗaki, ya zo bakin bayan gida ya ce nan na tsaya. Tayoyinsa suka daki katakon gefe da gefe. Sai dai kullum safe da yamma Magini ya zo ya sungumi yayansa kamar buhun siminti, ya shigar da shi a karkace, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, ƙofar a buɗe don kada ya faɗi. In Magini ba ya nan, matarsa ta kawo fo. Wanda bai taɓa gani ba zai ce ai ƙaramin abu ne. To ba ƙarami ba ne. Mutumin da ya rufa wa rabin unguwa asiri daga ruwan sama, yau ga shi ya kasa rufe ƙofa ɗaya a bayansa. Sai ya rage cin abinci, ya rage shan ruwa, don ya rage zuwa. Matarsa ta gane, ta haɗiye.

Magini ne ya kasa haɗiyewa. Wata safiya bayan ya ajiye shi a keke, ya dafe ƙugu ya ce, "Yaya, bangon nan zan fasa. In faɗaɗa ƙofar, keke ya shige, ka huta, mu huta."

"Ba za a fasa ba."

"Don me?"

"Ranar da aka fasa bangon nan, ranar aka ce na zauna ke nan."

"Wa ya ce? Bango ne fa kawai. Ka ji ni da kyau. Da na gama ginin da ke hannuna, aiki zai kai ni wani gari, kuma zan daɗe. Matar Yaya ba za ta iya ɗaukarka ba. Kafin in tafi, ko ka shiga da ƙafarka, ko in shigar da guduma. Ka yi fushi in ka ga dama."

Ya yi fushin kuwa. Amma da aka zo maganar gashin ruwa da asibiti suka rubuta masa, wanda da ya ce shi ba agwagwa ba ne, sai ga shi da kansa yana tambayar yaushe za a fara.

Ɗakin ruwan yana can bayan sashen gashin ƙashi. Da ka buɗe ƙofa ɗumi zai dake ka a fuska, da warin maganin da ake zubawa a ruwa. Kwami ne babba, ruwansa mai ɗumi kamar na wankan jariri, gefe ɗaya mai zurfi, gefe ɗaya ba zurfi. An shimfiɗe ƙasansa da farin tayil, sai layi ɗaya baƙi da ya ratsa tsakiya daga wannan baki zuwa wancan. Akwai ƙarafan dafawa biyu a jere cikin ruwa, da wata kujera mai inji da ke ɗaukar mutum ta sauke shi a hankali.

Likitan gashin gajere ne mai kaurin damtse. Majinyata ba sa kiran sunansa, Ƙara Ɗaya suke ce masa, don in ka yi har ranka ya kusa fita, ka ce ka gama, abin da zai ce ke nan. Akwai kuma wani majinyaci da ya riga Kafinta zuwa, direban babbar mota da ya karye a wuya. Shi ƙafafunsa ba su ce komai ba tukuna, zama yake koyo, ana sa masa robar iska a wuya da ƙugu yana shawagi a gefe. Amma bakinsa lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba.

"A'a, sabon kifi!" in ji Direba, da ya ga kujera na sauke Kafinta. "Baba, me kake yi kafin ka zo nan?"

"Rufin kwano."

"To ka ga ikon Allah. Ka ƙare rayuwarka kana hana ruwa taɓa mutane, yau ga ka an tsoma ka a ciki kamar wanki."

A lokacin ruwa ya kai wa Kafinta ƙirji, Ƙara Ɗaya ya ɗaura masa ɗamara a ƙugu ya riƙe ta baya, ya janye shi daga kujerar. Sai ya ji wani abu da ya manta da shi. Nauyin nan da ke danne shi a keke kamar an ɗora masa dutse, ruwa ya karɓe. Ƙafafunsa suka miƙe ƙasa da kansu. Ya ga kansa tsaye, idonsa daidai da idon wani namiji, ba cibiyarsa ba. Ya damƙi ƙarafan nan biyu, ya sunkuyar da kai, ya bar ruwan kwami ya ɓoye na idonsa.

Likita ya ce, "Ruwa ya ɗauke maka mafi yawan nauyinka, Baba. Ɗan abin da ya rage shi za mu ba ƙafafun, su tuna aikinsu. In sun iya, mu matsa inda ba zurfi, mu ƙara musu."

Makonni suka tafi. Kafinta ya zama abin nuni a ɗakin. Ya kama ƙarfe daga wannan baki zuwa wancan, ya juyo, ya koma, ko haki ba ya yi. Matarsa da ke zama a benci da tawul a cinya ta koma gida tana ba maƙwabta labari. Amma in an fito da shi tudu, aka tsayar da shi, gwiwoyi su lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ba abin da ya ƙaru.

Wata rana yana tsakiyar tafiyarsa, Ƙara Ɗaya ya ce wa mataimakinsa ya riƙe ɗamarar, shi kuma ya ja numfashi ya nutse. Ya ɗan jima, ya taso yana share fuska, ba dariya.

"Baba, ka san inda hannuna yake yanzu? Ƙarƙashin tafin ƙafarka na zura shi. Ka taka ni, ko matsa ni ba ka yi ba. Ba tafiya kake ba. Lilo kake da hannu, ƙafafun suna binka a baya kamar wando a igiyar shanya."

Direba ya fashe da dariya har ruwa ya shiga bakinsa. "Wayyo! Ashe mota a kan jak take, taya na juyawa a iska, mu muna ta tafi!"

Likita ya ce, "Saki ƙarfen. Ina riƙe da kai."

Kafinta ya dubi hannuwansa. Hannuwan da suka yi shekaru suna riƙe da ransa a sama. Ya ce su saki, suka ƙi.

"Sai ƙafa ta gaya min ta zauna."

"Ba za ta gaya maka ba sai ka ɗora mata kaya. Laka sai an yi ta aika saƙo ta cikinta take buɗe hanya."

"Ɗana, ranar da na yarda da ƙafa na saki hannu, ka ga inda na ƙare."

"Na sani. Amma in ba ka saki ba, ruwan nan wanka kawai kake yi a cikinsa."

Ranar haka aka tashi. Da wadda ta biyo, da wadda ta bi ta. A ɓamɓare masa yatsu daga ƙarfe, kafin a kai ga hannu na biyu na farko ya koma ya manne. Dokar da ta tsare shi a sama ita ce ta ɗaure shi a keke, kuma ya sani, sanin bai hana komai ba. Jiki ba ya jin wa'azi.

A gida kuwa, Magini ya kawo babbar guduma ya jingine ta a gefen ƙofar bayan gida. An fara yi wa ginin da ke hannunsa fenti, alamar tafiyarsa ta kusa. Kafinta yana daga gado yana hango ƙotar gudumar.

Matarsa ta zauna a bakin gadon tana shafa masa mai a ƙafa, ta ce, "Maigida, in an fasa ma fa ba abin kunya ba ne. Ga direban nan, an faɗaɗa masa har ƙofar kicin, kuma ka ji bakinsa."

"Shi ƙafarsa ba ta motsi. Ni tawa tana motsi. In Allah ya bar min silla, ni ne zan tsinke ta da tsoro?"

"To ka saki ƙarfen mana."

"Ke ma kin fara?"

"Ni na daɗe da farawa, yau ne dai na faɗa."

A zuwa na gaba likita bai ce a saki komai ba. Ya bar shi ya kwanta a kan ruwa yana lanƙwasa masa gwiwa, suna hira kamar a bakin shago. Ya tambaye shi yadda ake jera katakon rufi, da yadda ake hana kwano yoyo a mahaɗa. Kafinta, wanda ba a taɓa jin ya haɗa jimla uku a ɗakin ba, sai ga baki ya buɗe.

"To Baba, dogayen katakon nan, wa ke kai su daga wannan kusurwa zuwa waccan a can sama?"

"Ni mana. A kafaɗa."

"Da hannu ɗaya?"

"Haba! Dogon katako da hannu ɗaya? Ai sai ya yi maka rawa ya kwashe ka. Hannu ɗaya gaba, ɗaya kusa da kafaɗa."

"Da me kake dafawa ke nan?"

Kafinta ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Ba a dafawa," ya ce a hankali. "In kana da kaya ba a dafawa. Ido a ƙarshen katakon da kake takawa, ƙugu ke aiki."

Likita ya miƙo wata doguwar robar soso da ake koyon iyo da ita, ya ɗora masa a kafaɗa. Kafinta ya riƙe ta da yatsu biyu, ɗaya hannun ya lallaɓa ya koma ƙarfe.

"Wannan ba katako ba ne, abin wanke kwano ne. Jiki ya san ƙarya."

Likita ya yi dariya. "To a kawo na gaskiya. Amma mara nauyi, mai santsi, ba ƙusa, ba sartse, kuma sai mun wanke shi da magani kafin ya taɓa ruwana."

Matar Kafinta ce ta je shagonsa da ke kulle tun ranar faɗuwa. Ta zaɓo wani dogon katako cikin waɗanda ya goge da hannunsa, ta sa aka shafe shi da mai ƙyalli ya bushe. Ta shigo da shi asibiti a kanta, masu gadi na tambayarta ko gini za a yi, ta ce ƙwarai kuwa.

Aka kai Kafinta tsakiyar kwami, nesa da ƙarafa, likita na riƙe da ɗamara. Aka tsayar da shi a kan baƙin layin nan, wanda faɗinsa bai wuce na katakon rufi ba. Aka ɗora masa katako a kafaɗa. Bakinsa na gaba ya sunkuya zai sha ruwa, sai hannuwan nan biyu, ba tare da an roƙe su ba, suka tashi suka kama shi, ɗaya gaba, ɗaya kusa da kafaɗa. Nauyi ya sauka ta gadon baya, ya bi ƙugu, ya isa ƙafa. Daga can nesa, kamar mai kira daga ƙasan rijiya, ya ji tafin ƙafarsa ta dama ya ce ga tayil.

"Kai, ku matsa, ga kaya nan!" in ji Direba.

Ya kafa ido a ƙarshen layi. Ya ɗaga ta dama, ta tafi, ta sauka. Ya ja ta hagu, ta yi nauyi, ta biyo tana jan yatsu. Ya sake ɗaga ta dama. Sai gwiwar hagu ta ce ba da ni ba. Katako ya yi gefe, shi ya yi gaba, fuskarsa ta shige ruwa.

Matarsa ta miƙe da salati. Kafin ta rufe baki likita ya ɗago shi da ɗamara. Kafinta ya yi tari, ya fyace hanci, ya shafa bayansa, ya shafa ƙirji, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Faɗuwar ke nan?"

"Ita ke nan, Baba. A nan ko sau nawa ka faɗi, ruwa ne zai tare ka."

Sai ga Kafinta yana dariya, irin wadda matarsa rabonta da ji tun kafin asibiti. Likita ya buɗe baki zai yi magana, Kafinta ya riga shi: "Na sani. Ƙara ɗaya. Miƙo min katakona."

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka an wayi gari mutum ya tashi da gudu, ko ya kwashi nasa majinyacin ya kai rafi. Aiki ne na masu saninsa, kuma aiki ne mai cin rai. Kafinta ya sha ruwan kwamin nan har Direba ya ce a riƙa auna shi kafin ya shiga da bayan ya fita. Akwai ranakun da ƙafa ke ƙagewa ta yi ta karkarwa, a koma gida ba a yi komai ba. Amma ruwa ya yi ta ja da baya: daga ƙirji ya koma haƙarƙari, ya koma cibiya, ya koma cinya. Aka ajiye katako. Aka yi wa ƙafar hagu takalmin roba mai tallafe idon sawu. Aka fito da shi tudu da sanduna biyu masu kama damtse. Direba ma ya samu nasa rabon, ya zauna a bakin kwami ba mai riƙe da shi, ya ce yanzu sitiyari kawai ya rage.

Magini ya ɗaga tafiyarsa sau ɗaya, ya ce wai fenti bai bushe ba. Na biyu ba hali. Ranar tafiya ya zo da sassafe da jakarsa a kafaɗa, ya ajiye ta, ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗauki guduma.

"Yaya, lokaci ya yi."

"Matsa min daga hanya."

Kafinta ya zura hannu a sanduna, ya yunƙura daga bakin gado. Matarsa ta kai hannu za ta tallafa, ya dube ta, ta mayar da hannun ta rungume a ƙirji. Ya fito daga ɗaki. Sanda, ƙafar dama, sanda, ƙafar hagu tana ƙwas a siminti. Gumi ya jiƙa masa riga tun kafin rabin hanya. Bai kalli ƙasa ba, idonsa na kan marikin ƙofar. A tsakiya gwiwa ta yi rawa, ya tsaya, ya danna, ya jira ta amsa, ya ci gaba.

Da ya isa, ya karkata kafaɗa ya shige. Ƙuncin nan da ya hana keke shiga, shi ya tare shi dama da hagu kamar mutum biyu sun tsaya masa. Ya juya a hankali, ya tura ƙofa da sanda.

Suka ji sakata ta ce ƙarat.

Matarsa ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Magini ya tsaya da guduma a hannu kamar bai san abin da ake yi da ita ba, sannan ya ajiye ta a hankali, ya juya wa matar yayansa baya yana share ido da gefen hannu.

Can sai murya ta fito daga ciki, da ƙarfinta na da, irin wadda ake ji daga saman rufi.

"Wai wane ne ya bar sakatar nan ta yi tsatsa haka? Gida ba kowa ne? Kai Magini, kafin ka tafi ka nemo min mai da ƙaramar guduma. Ƙaramar na ce, ba wannan ba!"